Canza masta da cire iska a birkin tsohuwar Kombi: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na fito da tsohuwar Kombi ƙirar 1974 da ta shekara tara a kwance a bayan gidanmu, duk inda na faka sai an kewaye ni. Dattawa su tsaya suna tuna zamanin da ita ce motar haya, samari su tambayi nawa zan sayar. Masu irinta a ajiye kuwa tambayarsu ɗaya ce: yaya na yi da birki? Kuma da gaskiyarsu. Injinta ba ya shan ruwa, in ka sa masa sabon batir ka wanke kafireto, sau da yawa zai tashi ko bayan shekaru. Birki ne ba ya yafe zaman banza. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da na samo a kwance a ƙarƙashin motar.

Wace Kombi ake nufi a nan?

Volkswagen Type 2 zubi na biyu, mai faffaɗan gilashin gaba guda ɗaya, wadda aka ƙera a Hanover ta Jamus daga 1967 zuwa 1979. A Brazil ba a daina yin Kombi ba sai Disamban 2013, kuma an harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975. Shekarar ƙira ba abin wasa ba ce a wannan aikin. Ta Jamus ƙirar 1968 zuwa 1970 birkin doram ne, wato gangar ƙarfe mai juyawa tare da taya, a ƙafafunta huɗu. Daga ƙirar 1971 aka sa mata faifai a gaba, doram a baya, galibi kuma da busta, wato tukunyar nan mai jan iska daga inji don ta rage wa ƙafa wahala. Ta Brazil tana da nata kayan birkin daban. Mai tsohuwar Hayis ko J5 ma zai amfana da yawancin bayanin, wurin zaman kayan ne kawai ya bambanta.

Mene ne aikin masta?

Famfo ne. In ka taka feda, sanda tana tura fistin a cikin silinda, fistin ya matse mai, man ya bi bututun ƙarfe zuwa kowace ƙafa ya tura shu, mai goga cikin doram, ko fad, mai matse faifai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka yake isa can gaba ɗayansa. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso, don haka ko 'yar kaɗan ta shiga layin, ita za ta shanye takun kafin ya isa taya.

Mastan wannan motar fistin biyu ne a jere cikin silinda ɗaya: ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya. In bututun baya ya fashe, na gaba yana nan da rai, feda za ta nutse sosai amma motar za ta tsaya. A Kombi mastan ba ya gaban idonka kamar a sauran motoci. Yana can ƙarƙashin dandamalin direba, inda yake shan ƙura da ruwan damina.

Ta yaya zan san mastan ne ya mutu, ba wani abu ba?

Nan ne ake yawan asarar kuɗi. Birki ya yi laushi, a ce masta ne, a sayo sabo a ɗaura, laushin yana nan. Alhali ita fedar da kanta tana faɗin ciwonta in ka saurare ta da ƙafa. Kashe inji, ka zauna ka gwada.

In ta yi laushi kamar ka taka burodi, ba ta da wani wuri takamaimai da take tsayawa, kuma in ka yi famfo sau uku ko huɗu ta ɗan yi ƙarfi, iska ce a layi.

In ta tafi ƙasa sosai amma da ta kama sai ta tsaya cak da tauri, taku na biyu kuma ta kama tun daga sama, shu ne ya yi nisa da doram. Ga wata 'yar dabara: ja birkin hannu ka sake takawa. In fedar ta tashi, ba ruwan masta, shu na baya ne ke son sati, wato a matso da shi kusa da doram.

In kuwa ka ɗora ƙafa a hankali ka riƙe, ba da ƙarfi ba, ka ji tana zarewa tana nutsewa sannu a hankali har ta kusa taɓa ƙasa, to mai yana guduwa ta wani wuri. Duba kofin mai. In ya ragu, nemi ɗigo: bayan kowace taya, jikin tiyo, mahaɗar bututu. In bai ragu ko kaɗan ba, man yana zagaye robar fistin ne yana komawa kofi ta ciki. Wannan shi ne mutuwar masta ta gaskiya. Abin mamakin shi ne in ka buga fedar da ƙarfi takan riƙe, domin matsin yana buɗe leɓen robar ya manne da bango. Taku mai laushi, irin na cikin cunkoso, shi ke tona asirinta.

Akwai ta huɗu: feda mai tauri kamar dutse amma mota ba ta tsayawa. Wannan ka nemi busta da dogon tiyon iskarta, wanda ya taso tun daga inji a baya har gaba.

Mai yana raguwa amma ban ga ɗigo ko'ina ba. Ina yake zuwa?

Cikin busta. In robar bayan masta ta mutu, man yana tsiyaya cikin tukunyar ya taru, wani lokaci har inji ya zuƙe shi ka ga farin hayaƙi a salansa. In ka cire masta ka tarar da bayansa a jiƙe, zura siririn tiyo da sirinji ka zuƙe abin da ya taru. Gwajin busta kuma mai sauƙi ne: inji a kashe, taka sau biyar, riƙe, sannan ka tayar da mota. Lafiyayyiya za ta sa feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka.

In sa kit, wato sababbin robobin cikin masta, ko in sayi sabo?

Sai ka ga cikin silindar. Man birki yana shan danshi, ruwan kuma ya kwanta a ƙasan silinda ya ci ƙarfen. Wanke ta ka haska fitila. In bangon sumul yake, kit mai kyau zai yi. In ka ga ramuka kamar zanzana, ko farcenka ya maƙale a wani wuri, sabuwar roba ba za ta yi wata uku ba. Ni a motar da ta yi shekaru a kwance ban yarda da kit ba. Na gwanjo kuwa ya fi kit haɗari, tunda shi ma zaman ya yi a wani wurin, ba ka san ko shekara nawa ba.

Yaya zan tabbata na sayo daidai?

Tafi da tsohon a hannunka, ko kasuwar Kofar Ruwa za ka ko Panteka, ko saƙo za ka aika kasuwar Ladipo ta Legas. Ajiye su gefe da gefe ka ƙirga ramukan bututu da na makunnin fitila, ka duba tazarar ramukan noti. Faɗin ciki ma ya bambanta: na mai doram huɗu milimita 22.2 ne, na mai faifai da busta kuwa 23.81. Mastan doram yana da bawul da ke barin ɗan matsi a layi bayan an saki feda. In ka sa shi a mota mai faifai, fad zai riƙa gogar faifan ba hutawa. ATE na cikin kamfanonin da suka yi wa Volkswagen kayan birki tun asali, in ka samu na gaskiya ka more. Kada ka bari a ce maka na Bitil, ƙaramar motar Volkswagen, zai shiga. Kama suke yi kawai.

Me zan tanada kafin in shiga ƙarƙashi?

Sifanar bututu lamba 11, mai kama noti kusan ta ko'ina. Sifana mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye kan notin, daga nan aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Sai lamba 13, da lamba 7 mai zobe ta nonon cire iska, wanda makanikai ke kira nipul. Sai sirinji, siririn tiyo mai garai-garai, kwalba, tsumma, man birki lita ɗaya da ɗoriya, da bokitin ruwa a kusa, don man birki yana cin fenti nan take. Tun daren jiya ka fesa wa kowane noti da nipul man kwance tsatsa.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo ba matokari ba ne, rugujewa yake yi ba sallama. Sa ƙarfen tokare ko kututturen katako mai ƙwari, ka datse tayoyi. In ka buɗe doram kada ka hure ƙurar da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin shu suna da asbestos, mai lalata huhu. Jiƙa ta ka goge.

Yaya ake cire tsohon a ɗaura sabon?

Cire wayar batir, ka sauke farantin da ya rufe ƙasan gaba, ka wanke wurin tas kafin ka kwance komai, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yage roba. Ɗauki hoto da waya. Kofin mai biyu ne: na sama a cikin mota inda ake zubawa, a ƙirar baya-baya yana ƙarƙashin kujerar direba, sai na ƙasa a zaune a kan masta, tiyo ya haɗa su. Zuƙe man duka. Zare wayoyin makunnan fitilar birki guda biyu da ke ɗaure a jikin mastan, ka kwance bututu, ka toshe bakinsu da leda mai tsabta, sannan ka kwance noti biyun da ke riƙe da shi.

Wajen mayarwa akwai abu uku da ake yawan tuntuɓe a kansu. Zoben robar da ke tsakanin masta da busta, in an manta da shi busta za ta riƙa shan iska. Tiyon da ya haɗa kofunan biyu dole ya zama na man birki, tiyon fetur gumi yake yi ya narke. Na uku, kada ka ɗaure mastan tamau kafin ka kama bututu. Bar shi yana motsi, ka fara kowane noti da yatsu har zagaye uku ko huɗu, sannan sifana ta taɓa shi. Notin da ya shiga a karkace ya gama da sabon mastanka.

Dole ne a cire wa masta iska tun kafin a ɗaura shi?

Ba dole ba ne, amma wanda ya tsallake wannan zai biya da gumi. Sabon masta cike yake da iska, kuma a kan mota feda ba ta iya kore ta duka. Kama shi a bais, ƙarfen matse abu na kan benci, ta kunnensa, ba ta cikinsa ba. Ɗora kofin, zuba mai, ka sa gajerun tiyo daga ramukan fita su koma cikin kofin, bakinsu a nutse. Tura fistin da sandar katako a hankali, ka saki, ka jira daƙiƙa goma, ka sake. Da farko za ka ga kumfa manya suna ɓulɓulowa, sai ƙanana kamar na lemon kwalba, daga baya mai zalla. Minti goma sha biyar ne, kuma ana yin sa a tsaye a inuwa, ba a kwance cikin ƙasa ba.

Feda ta yi ƙasa. In ƙara wa sandar tsawo?

A'a. Wannan na koye shi da wuya. Wani bakanike, mutumin kirki mai son ya faranta mini, ya ga fedata ta sauka sai ya murɗa sandar ya ƙara mata tsawo. Feda ta tashi, na ji daɗi na biya. Ban yi kilomita goma ba a hanyar Zariya na ji motar tana nauyi kamar an ɗora mata buhunan masara. Ina ba ta wuta tana ƙi. Na sauka gefen titi, ƙauri ya cika wurin, wilin gaba ba ya taɓuwa don zafi, fitilar birki kuma a kunne ba wanda ya taka. Da na sassauta nipul ɗaya sai mai ya yi tsartuwa, motar ta saki.

Abin da ya faru shi ne, a cikin masta akwai wani ɗan rami kamar na allura wanda mai ke bi ya koma kofi in an saki feda. In sanda ta yi tsawo, fistin ba ya komawa mazauninsa, robarsa ta rufe ramin. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba hanyar fita, sai ya kama birki. Birki ya ƙara zafi, man ya ƙara kumbura. Ana barin wasa kamar milimita 1 a bakin sandar, wanda za ka ji shi a feda kamar ɗan motsin banza kafin ta fara aiki. In feda ta yi ƙasa, maganin yana wajen shu.

Wane mai zan zuba? An ce ruwan sabulu ma yana yi.

Man birki mai lambar DOT 4 a jikin gwangwani, ko DOT 3 in shi ka samu. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma in sun sha danshi sai su faɗo zuwa wajen 140 da 155. A doguwar gangara da kaya, birki yana iya kai wannan zafin, man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa fanko. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, kuma ba a amfani da gwangwanin da ya daɗe a buɗe. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 kuwa danginsu ne, duk da kamar suna.

Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa in mai ya ƙare musu a daji, a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari. Baƙin mai, man giya, kananzir ko fetur sun fi shi ɓarna: ɗigo kaɗan zai kumbura duk robar da ke layin, sai an canza su gaba ɗaya. Ko wanke kayan ciki za ka yi, da man birki za ka wanke.

To, yaya ake cire iskar?

Fara da satin shu, ba da nipul ba. Kowace ƙafa mai doram tana da tauraron sati biyu, ɗaya ga kowane shu. Murɗa har taya ta kama, ka dawo da shi kaɗan har ta juya da ɗan shafa. Wanda ya tsallake wannan zai zubar da lita biyu yana neman iskar da babu ita.

Sai ka samu mataimaki ya zauna a kujera. Kai kuma ka sa sifana lamba 7 a nipul, ka cusa tiyon, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai a gindinta. Ni da ɗan ƙanena muke yi, kuma tsarinmu ba ya canzawa:

"Taka sau uku, a hankali. Riƙe!"

"Na riƙe, Baffa."

In buɗe kwatan zagaye, mai ya fito da kumfa, feda ta sauka, in rufe.

"Saki!"

Ƙa'idar ita ce ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji na ce saki. In ya ɗaga nipul a buɗe, ya zuƙo iskar da muka kora. Kuma ba a yin famfo da sauri kamar ana bugun ruwa, saurin yana farfasa kumfa ta koma ƙanana masu wuyar fita. In tsohon masta ne a motar, sa guntun katako ƙarƙashin feda, don kada robar ta shiga wurin da ba ta saba zuwa ba, inda tsatsa ke jiranta.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. A mota mai sitiyari a hagu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. In taka tun ta zamanin tuƙin hagu ce, kafin Najeriya ta koma hannun dama a Afrilun 1972, sitiyarinta a dama, sai ka juya lissafin. Akwai masu farawa da gaba tunda layin biyu ne, kuma hakan ma yana yi. Abin da ba ya yafuwa shi ne kofi ya bushe. Duba shi bayan kowane buɗewa biyar ko shida, ka tuna na saman ta tiyo yake ciyar da na ƙasa, yana ɗaukar lokaci. Tsohon mai zai fito baƙi kamar shayin da ya kwana. Kada ka bar ƙafa sai ya koma garai-garai ba kumfa. Abin da ya shiga kwalba kuma ba ya komawa kofi.

Ba ni da mataimaki. Zan iya ni kaɗai?

Za ka iya. Cika kofi, buɗe nipul ɗaya, ka bar man ya riƙa ɗiga da kansa cikin kwalba kana ƙara na sama. Yana cin lokaci, amma kofin Kombi yana sama da ƙafafun sosai, don haka yana tafiya. Masu na'urar matsi su bi a hankali, in matsin ya yi yawa tiyon tsakanin kofuna zai fice, man ya wanke maka ƙasan mota.

Na zagaya sau uku, har yanzu da laushi. Me ya rage?

Duba kalifa, ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse faifai. Iska sama take hawa, saboda haka nipul dole ya kasance a sama. In an musanya ta hagu da ta dama ya koma ƙasa, ko kwana za ka yi ba za ta fita ba. Wasu kalifofin Kombi nipul biyu gare su, na saman ne na iska.

Sai tiyon roba na ƙafafu. Sa a taka feda, kai kuma ka riƙe shi a tafin hannu. In ka ji yana kumbura, shi ke shanye takun. Tsohon tiyo kuma yakan ruɓe ta ciki alhali wajensa lafiya lau, ya bar mai ya je ya hana shi dawowa, ƙafa ɗaya ta riƙa kamawa. A motar da ta haura shekara 40, canza su duka rana ɗaya da masta. In baya ne ba ya ba da mai sosai, mota mai faifai tana da bawul mai rage matsin ƙafafun baya a kan layin, shi ma datti yana toshe shi. In duk waɗannan lafiya, iskar tana cikin mastan: sa a riƙe feda, ka sassauta notin bututu a jikinsa kaɗan da tsumma a hannu, ka ɗaure kafin a saki.

Yaushe zan hau titi?

Bayan ka taka da ƙarfi ka riƙe rabin minti feda ba ta motsa ba. Sannan ka bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa, ka sa wani ya duba fitilar birki, ka daidaita birkin hannu, wanda ake yi bayan satin shu. Gwajin farko a fili za a yi shi, inda ba yara ba dabbobi, a giya ta ɗaya, hannunka kusa da birkin hannu. Ƙara gudu kaɗan ka taka, ka lura ko tana fizga gefe. Bayan 'yan kilomitoci ka sauka ka kai bayan hannu kusa da kowane wili. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi yana kamawa.

Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar, ka yi wa kofin mai alama da biro daidai inda man ya tsaya. Da safe, kafin ka tayar da inji, ka duba kwalin, ka duba alamar, ka taka fedar sau ɗaya.